Gurbin "Sauransu"

Takarda arba'in aka damƙa mini a sakatariyar Sumaila,
aka ce in zaga in rubuto masu kiwo,
dubu hamsin-hamsin, tallafi ne, ba rance ba.
Babur ɗina ya fi ni sanin hanyar Gani.

Gurabe huɗu ne a takardar:
akuya, tunkiya, kaza, kifi.
Can ƙasa, dab da wurin dangwale,
wani layi siriri kamar tsinken tsintsiya,
an rubuta masa: sauransu.

Talatin da tara na cike kafin la'asar.
Ta ƙarshe ta tsallaka da ni rafi,
inda dawa ta shanye tsawon mutum,
gidan Tabawa, matar marigayi Jatau.
Tun daga kwalbati hancina ya riga ni sallama.

Ta sauke bokitin dusa, ta goge hannu a zane.
"Malamin gona, yau wace iska?"
Ta ja tabarma gindin ɗorawa, nesa da garke,
ta kawo ruwa a kofin da ba a ɓare ledarsa ba.
Ban tambaya ba, ba ta yi bayani ba.
Kasuwa ɗaya muke ci tun kakanni,
kowa ya san inda kunyar gonarsa ta tsaya.

Na ce, "Me kike kiwo?"
Ta ce, "Kunnenka bai ba ka labari ba?"

Bakwai ne, uwa da 'ya'ya shida.
Da goma sha ɗaya ne, ciwo ya ratsa da damina.
Ta nuna su da haɓa daga inda muke:
"Mai baƙin kunnen nan jarrabawar Rifkatu ce.
Gajeren can kwanon rufin ɗaki.
Uwar kuwa asibiti ce,
ranar da gwiwa ta ce ba ta zuwa."

Biro ya tsaya mini a sama kamar shirwa.
Ba na ci, ba na taɓawa,
a haka aka raine ni, a haka zan koma.
Na ce a hankali, "In sa akuya mana, a huta?"

Sai fara'ar ta sauka daga fuskarta.
"Na bara ma akuya ya sa.
Masu dubawa suka zo, babu ko kashin akuya,
aka ja jan layi a sunana,
aka ce tsohuwa ta yi wa hukuma ƙarya.
Rubuta abin da ke nan, ɗana.
In za a hana ni, a hana ni da sunana."

Na tuna rasit ɗin haraji na ranar kasuwa:
yaron da ke yaga shi bai taɓa tambayar
wace dabba ta haifi kuɗin ba.

Na kwantar da takardar a gwiwa.
Harafi biyar, layin ya ɗauke su bai karye ba:
alade.
Ta dangwala yatsa, tawadar ta bi tsagar fata.

A ofis Sagiru ya ɗaga ta da yatsa biyu,
ya dube ni, ya dubi silin,
ya cusa ta ƙarƙashin sauran.
Ƙasa ma ai cikin fayil take.

Wata huɗu shiru.
Kuɗin da suka iso sun rame a hanya,
arba'in da biyu suka kai hannu.
Buhun siminti biyu, kwalbar allura,
an ɗaga katangar garke da taku ɗaya.

Ran wata Laraba yarinya ta tsaya ƙofar ofis
da ƙwarya rufe da faifai.
Ƙwan zabi ne, sha biyu, a cikin ƙaiƙayi.
Na ce, "Daga wa?"
Ta sunkuyar da kai tana danne dariya:
"Inna ta ce a ce maka,
daga sauransu."